Ɗan Akumari

A shekarar da aka fara yaƙin basasa ina aiki a siton wani kamfanin Turawa da ke wajen Dugbe, inda ake gyaran manyan motoci. In bakanike ya zo ya ce ga abin da ya lalace, ni zan shiga ciki in lalubo masa sabo. Shekarata ashirin da huɗu. Na gama firamare na ɗan taɓa gaba da ita, ina jin Turanci, Yarbanci kuwa ba a sayar da ni a cikinsa, don a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, aka yanke mini cibiya. Kuma wallahi ina ji da kaina. Takalmi kullum a goge, alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗayan ma ba ya rubutu.

Oganmu wani Bature ne gajere, jajir, mai gashi har a bayan yatsu. Ya san inji, wannan kam ba a ƙwace masa. Daga ƙarar mota tana shigowa zai gaya maka ciwonta. Amma bakinsa ba linzami, kuma akwai kalma ɗaya da ba ta rabuwa da shi: basta. Ƙusa ta ƙi kwancewa, basta ce. Ruwa ya sauko ana tsakiyar aiki, basta ne. In ka yi abin kirki ma sai ya daki kafaɗarka yana dariya ya ce da kai basta. Na san ma'anarta sarai tun ina makaranta, shege ke nan. Na sha haɗiye ta, don aiki irin wannan ba a tsintar sa a bakin titi.

Mu ma ai muna cewa shege. Yaro ya ci ƙwallo mai kyau a ce kai, shegen yaro! Aboki ya yi maka wayo ka ce da shi shege kuna tafawa. Amma ni duk faɗin Sabo ba wanda ya taɓa ce mini haka, ko da wasa. Abokina zai ɗauko kalmar har ta iso bakinsa, sai in ga ya murɗe ta ya ce ja'iri. Tun ina ƙarami na lura da wannan kaucewar, kuma ta fi mini zagin ciwo.

Dalili kuwa ubana. Ban taɓa ganin sa ba. Bafatake ne, ya koro shanu a ƙafa daga Arewa, ya sauka a gidan wani mai gida da ke saukar da baƙi, damina ta tsare shi ya yi 'yan watanni. Inna a lokacin bazawara ce, aurenta na fari ya mutu saboda rashin haihuwa, ta zo Ibadan tana zaman kanta tana sayar wa baƙi tuwo. Abin da aka gaya mini shi ne ya aure ta, ya koma ya sake koro wasu shanun tana da ciki wata huɗu, shi ke nan ba shi ba labarinsa. Wasu sun ce ciwo ya kashe shi a hanya. Ba baffa, ba gwaggo ta wajen uba, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce ina ɗan ɗan'uwanmu. Inna ba ta sake aure ba. Ta riƙe muciyarta ta raine ni da ita.

To a wannan shekarar ina neman aure. Yarinyar marainiya ce, tana hannun baffanta, wani Alhaji mai motocin ɗaukar goro zuwa Arewa. Tana so na ina son ta, ba ɓoye-ɓoye. An kai gaisuwa an karɓa, saura bincike, wanda kowa ya san ba a ba da 'ya sai an yi shi.

Ana cikin haka motar Alhaji ta lalace aka jawo ta garejinmu. Yaƙi ya sa kayan gyara sun yi wuya, sojoji sun kwashe motoci da yawa, wadda ta rage kuwa ba ta hutawa. Ga huhunan goro a jibge suna jira, goro kuma ba ya jiran kowa. Don haka Alhaji ya zo da kansa, da babbar riga da carbi, ya tsaya a bakin ramin gyaran mota shi da direbansa. Oga ya aike ni in kawo boris na ƙafar motar. Ni kuwa ganin suruki ya ruɗa ni, na kawo wanda ba shi ba. Na koma na sake kawo wani, shi ma ba shi ba ne. Oga ya karɓa ya duba, ya yi jifa da shi a ƙasa, ya ɗaga murya har ana ji daga titi ya maka mini kalmar nan.

Alhaji ya juya wajen direbansa ya ce, “Me ya ce masa?”

Direban nan, Allah Ya yafe masa don ni na daɗe ban yafe ba, ya ce, “Ranka ya daɗe, cewa ya yi shege.”

Alhaji ya juyo gare ni. Ya daina jan carbi ya zuba mini ido, yana jira. Ni kuma na sunkuya na ɗauki boris ɗin, na goge shi da gefen rigata, na ce “Yassa,” na koma cikin sito.

Kai! Da a ce na shaƙo wuyan Baturen nan a wurin, ko na jefar da makullin sito na fice, da na rasa aiki amma ba wanda zai ce uffan. A wurinmu wanda aka ce wa shege a gaban mutane, da gaske ba da wasa ba, uwarsa aka zaga, kuma ba a yin shiru. Shiru ma magana ce. Ni na saba jin kalmar sau goma a rana har ta zama mini kamar ƙarar guduma, na manta Alhaji yau ya fara jin ta. Bayan kwana shida aka aiko cewa a ɗan dakata da maganar auren. Kafin Juma'a zance ya zaga Sabo, daga mahauta har rumfar teloli: har Nasara ya sani, kuma yaron bai musa ba.

Na sami Oga lokacin da yake cin abincin rana na gaya masa abin da ya jawo mini. Allah Sarki, mutumin nan ya ajiye burodinsa, fuskarsa ta ƙara ja. Ya ce shi ko sunan uwata bai sani ba, a garinsu haka ake magana a bakin tashar jirgin ruwa, ubansa ma da ita yake kiran sa. Ya ce in ina so zai je ya ba Alhaji haƙuri. Na ce ina, zuwansa ƙara wa wuta mai ne. Na tambaye shi, to ita kalmar daga ina ta samo asali? Ya ɗaga kafaɗa ya ce bai taɓa tunani ba.

Nan ne ɗan karatuna ya rufe mini ido. Na ce a raina, tunda su suna faɗar ta kamar ba komai ba, lalle asalinta ba shege ba ne, wataƙila wawa ne ko rago, daga baya aka lanƙwasa ta. In na samo haka a littafi sai in kwafo in kai wa Alhaji, in karanta masa in fassara, magana ta mutu. Dubi wauta! Wai Alhajin da ya yi furfura a cikin goro zan je wa da takarda. Ranar Asabar na tafi laburaren da ke Dugbe, na sa aka sauko mini da ƙamus mafi girma, wanda sai da hannu biyu ake ɗaukar sa.

Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Littafin ya ce kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun fari, daga tsohon Faransanci aka aro ta. Can kuma wai daga sunan akumari ta fito, shimfiɗar nan da ake ɗora wa dabbar kaya a gadon baya. Fataken ƙasarsu masu koro alfadarai, in sun sauka a masauki, akumarin suke shimfiɗawa su kwana a kai. To ɗan da aka samu a kan wannan shimfiɗa, ba a gadon aure ba, uban ya ɗaure kayansa da safe ya ƙara gaba, shi ne ɗan akumari. Bayan shekaru wani malamin jami'a ya gaya mini ba duka masana suka yarda da wannan asalin ba. Ina ma a ranar ya faɗa mini.

Na karanta sau uku, gumi yana keto mini ga fanka tana juyawa a sama. Bafatake, masauki, ya kwana ya wuce. Ubana shanu ya koro ba alfadarai ba, amma tafiyar ɗaya ce. Sai na ji kamar mutanen da suka ƙirƙiri kalmar nan shekaru aru-aru a wata ƙasa sun leƙo gidanmu ne suka rubuta. Abin da ban taɓa bari ya zauna a zuciyata ba, ranar ya sami wuri ya zauna. Na fito na taka a ƙafa har Sabo, ban ma tuna da mota ba.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tuƙa tuwon yamma, Gwaggo tana yanka kuɓewa a gefe. Gwaggo ƙawarta ce da suke gida ɗaya, ba dangin jini ba, kuma bayan an haife ni ta zo Ibadan. Ni ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. In abinci ya nuna sai ta ce da Gwaggo, ko da bango in Gwaggo ba ta nan, “A gaya masa ga shi can a rufe.” Haka muka rayu shekara ashirin da huɗu, kuma ban taɓa shakkar tana so na ba.

Na tsaya a kanta, ko durƙusawa ban yi ba, na ce, “Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya. An ɗaura miki aure da babana?”

Muciya ta tsaya a cikin tukunya. Ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. Ba fushi a idon, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce da Gwaggo, “Ki ƙarasa wannan kada ya kama.” Ta wanke hannu ta shiga ɗaki ta saki labule.

Gwaggo ta miƙe da wuƙar kuɓewa a hannu. Ta ce, “Tir da wannan karatu naka! Abin da aka koya muku a bokon ke nan? Duk Sabo suna faɗa tana ji tana tuƙa tuwonta, kwana nawa yau, ko gezau ba ta yi ba. Sai kai? Fita ka ba ni wuri kafin in yi maka baki.”

Kwana uku ba a hura wuta a gidanmu ba. Masu sayen tuwo suna zuwa da kwanoninsu suna komawa. Na durƙusa a bakin labulen safe da yamma ina ba da haƙuri, ba amsa. A rana ta huɗu da hantsi ta fito da mayafinta na zuwa unguwa, ta dubi bango ta ce, “A gaya masa ya nemi hutu gobe. Za mu je neman wanda ya ci goro.”

Gwaggo ce ta warware mini. Aure a wurinmu ba takarda ake rubutawa ba. Ana taruwa da safe a ƙofar gida, a raba goro, liman ya ɗaura, sanƙira ya miƙe ya shelanta wa jama'a. Duk wanda ya tauna goron nan ya zama shaida, shi ne takardar. To limamin da ya ɗaura na Inna ya rasu. Mai gidan da ya tsaya mata waliyyi ya rasu. Dattawa biyu da ta san sun halarta sun kwashe iyalinsu sun koma Arewa tun lokacin da ƙasa ta fara rikicewa. A kwana ukun nan da nake zaton kuka kawai take yi, ashe lissafin rayayyu da matattu take. Mutum ɗaya ya rage mata, tsohon sanƙiran Sabo, wanda ƙafa ta mutu masa ya koma wajen ɗansa a wani ƙauye can wajen Akinyele.

Muka shiga motar katako ta hanyar Oyo, ita a can gaba cikin mata, ni a baya kusa da kwandunan kaji. Sojoji sun tare hanya a wuri biyu, ana sauke kowa ana duba kaya. A na biyun wani soja ɗan Arewa ya ji ta yi Hausa, ya sassauta murya ya ce, “Inna, ina za ki a wannan zamani?” Ta ce, “Ɗana, shaida zan ɗauko.” Bai gane ba, amma ya taya ta hawa motar.

Mun sami tsohon a gindin bishiyar lemo, ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Inna ta durƙusa nesa ta gaishe shi ta faɗi ko ita wace ce. Ya ce, “Mai tuwon gidan wane? Wadda miyarta ke da yaji kamar faɗa?” Ta ce ita ce. Ta gaya masa abin da ya kawo mu, a taƙaice, ba ta ce ni na tambaya ba. Ta ce mutane ne ke magana. Sai ya ce, “Ni ba na tuna aure a zaune, kuma ba na faɗar sa a daji. A kai ni inda ake maganar.”

Ni na goya shi daga tasha har ƙofar gidan Alhaji, mutane suna kallo, takalmina mai sheƙi ya sha taɓo. Bayan la'asar ne, zauren cike da dattawa da dillalan goro. Inna ba ta shiga ba, ta tsaya daga waje jikin bango inda za ta ji. Tsohon ya ce a ɗaga shi. Ni da wani muka riƙe shi ta hammata, ya sa hannu a kunne, ya gyara murya. Wallahi ban san inda muryar nan ta fito ba a wannan ƙirjin. Ya yi salati, ya kira jama'a su saurara kamar yau ake ɗaurin auren. Ya faɗi sunan ango da na ubansa da garinsu. Ranar na fara jin sunan kakana, don Inna ko sunan mijinta ba ta iya faɗa. Ya faɗi sunan amarya da waliyyinta da limamin, ya ce ranar Lahadi ce, an yi yayyafi aka matsa cikin zaure, farin goro aka raba, angon rigar aro ya sa ta yi masa gajarta. Ya zarce ya ce shi ya yi shelar sunana, ragon ma ƙahonsa ɗaya a karye yake.

Sai ya juya lafiyayyen idonsa kan Alhaji ya ce, “Kai kuma, Alhaji, sannan kana saurayi kana ɗaurin huhu a gidan. Kana zaune bakin ƙofa. Goro biyu ka ɗauka ka ce ɗaya na babanka ne, alhali babanka yana Shagamu ranar.”

Zauren ya fashe da dariya. Alhaji bai yi ba. Ya riƙe gemunsa ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, “Astagfirullah. An yi haka. Rigar ma na tuna ta, ta ɗan mai gidan ce. Ashe ni ma shaida ne nake zaune ina bincike.” Ya dube ni ya ce, “Yaro, a turo manya ranar Juma'a. Amma gobe in an zagi uwarka kada ka ce yassa.” Na ce to. Da na leƙa waje in ga Inna, har ta tafi.

Da na koma gida na tarar ta hura wuta. Na durƙusa na sake neman gafara. Ta ce da Gwaggo, “A gaya masa na yafe tun ranar.” Na yarda ta yafe ɗin, ba ta ƙarya. Amma ta ɗan rage magana, ko da bangon, kuma waƙar da takan yi ƙasa-ƙasa in tana tuƙi ban sake jin ta ba.

Ranar ɗaurin aurena, bayan an shafa fatiha an watse, na dawo gida in sauya riga sai na ga ƙofarmu cike da yara. Inna ce zaune a kan tabarma a bakin zaure, ita da ba ta zama a waje, da faifai shaƙe da goro, ban da wanda aka raba wa manya. Ta sa an tattaro mata yaran unguwa, na makarantar allo da na boko, har da 'ya'yan Yarbawan unguwar Mokola da ke zuwa Sabo sayen ƙosai. Na laɓe a bayan ƙyaure. Ɗaya bayan ɗaya take kiran su, ta danƙa wa yaro goro ta ce ya ɓantara a gabanta, sannan ta ce, “Yau an ɗaura auren wane da wance. Maimaita in ji.” Kuma sunana take faɗa, ɓaro-ɓaro, da bakinta. Ban taɓa jin sa a muryarta ba sai ranar, na kuwa ji shi ya fi sau talatin. Ga 'ya'yan Yarbawa sai ta juya ta faɗa musu da ɗan Yarbancinta na kasuwa.

Yaran suna tauna suna yamutsa fuska, wani ƙarami har da hawaye. Gwaggo ta ce, “Haba, ke kuwa! Yara da goro? Ɗaci zai yi musu.”

Inna ta ce, “Ɗacin ne zai sa su tuna. Na raba wa tsofaffi nawa goron, duk suka mutu suka bar ni.” Ta miƙa wa na gaba nasa, ta jira ya ɓantara. Sannan ta ce, “Yarinyar nan marainiya ce, ba ta da kowa. Ba na so wata rana tana tuƙa tuwo ɗanta ya tsaya a kanta.”

Na zame na zauna a ƙasa a bayan ƙyauren da sabuwar rigata, na toshe bakina da hannu don kada ta ji ni. Ita kuwa ta kira yaro na gaba.